Hajiya a Bayan Kunnena

In tsufa ya ga dama ya kwashe duk abin da ke cikin kan nan nawa, har da inda na ajiye hula da sunayen jikoki, na yafe masa. Amma akwai yini guda a bakin kogin Kaduna da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ranar da na zama babban mai ɗaukar hoto na Unguwar Shanu da kewaye. Ba wanda ya naɗa ni. Ni na naɗa kaina.

Bari ku san ko ni wane ne, don in za ku raina ni ku raina ni da hujja. Bokona bai yi nisa ba, tun a firamare muka rabu da shi lafiya ba faɗa. Amma na yi masinja a wata ma'aikatar gwamnati har na yi ritaya, kuma duk takardar da manya suka sa wa hannu ta hammatata ta bi, saboda haka ilimi ya ɗan shafe ni ta gefe.

A shekarar da nake ba ku labari, Hajiya maiɗakina ta yi doguwar jinya, irin wadda likita ke fitowa yana kallon takalminsa. Wata rana ina zaune a bencin asibiti, sai na ce bari in ga fuskarta a waya. Na bi hotuna kaf. Ga ragon layya, ga motar maƙwabci, ga ɗaurin auren mutanen da ban ma san su ba, amma Hajiya babu, sai hoton fasfonta na aikin Hajji, wanda ta tsuke baki a ciki kamar an kama ta da laifi. Na ce yanzu in Allah ya yi ikonsa, da me zan nuna wa jikoki cewa kakarsu tana da wushirya? Nan na yi wa kaina alkawari, in ta tashi sai na ɗauki dariyarta na ajiye.

Allah ya tashi kafaɗunta. Na shiga bin ta da waya, tsakar gida, bakin murhu, gindin igiyar shanya. Da ta ga na ɗaga hannu sai mayafi ya sauko. "Malam, ka girma fa," in ji ta. Ni kuwa in ce ai ban ga takardar shaida ba.

Da hutun Sallah ya zo, autarmu ta kawo mana ziyara da mijinta da 'ya'yansu biyu. Surukin nan nawa mutumin kirki ne, sai son nuna hotuna. Ya miƙo wayarsa ta hannun matarsa, wai ga inda suka je bakin teku a Legas. Hajiya ta daɗe tana kallo. Can ta ce, a hankali, kamar ba da mu take ba, "Ashe haka yashi yake da yawa a duniya. Muna yara a ƙauye, a cikinsa muke wuni."

Na gyara zama na yi gyaran murya. Na ce, "Wannan ne teku? Ai mu ma muna da namu a bayan Malali, namu ma ya fi, don ana hango ɗaya gaɓar. Gobe kowa ya shirya."

To, ga inda lissafin masana ya karkace. Motar ta suruki ce, kuma shi ne direba. Duk wanda ya san matan zamaninmu ya san ba a cin abinci gaban suruki, ba a tuɓe takalmi, balle a washe baki. Tun daga ƙofar gida Hajiya ta ja mayafi har gira, ta zauna a baya tana kallon tagar mota kamar mai zuwa ta'aziyya.

Lokacin bazara ne, ruwa ya janye ya bar yashi shimfiɗe, fari sol, da ƙananan tuddai kamar bayan raƙuma sun kwanta. Kogin yana tafiya a hankali kamar ya manta inda za shi. Can nesa masu ɗiban yashi suna nutsewa da bokiti suna fitowa, suna juyewa cikin kwalekwale, ba ka jin muryarsu sai iska ta ga dama ta kawo maka guntu. Balbelu na tsaye da ƙafa ɗaya a kan duwatsu, ba su da wata sana'a sai kyau. Zafi yana tashi daga ƙasa yana sa komai rawa, har itatuwan ƙetare kamar a cikin ruwa suke tsiro. Na tsaya na ji kamar na taɓa zuwa nan a mafarki, ina yaro, kafin gwiwoyina su fara yi mini gardama.

Aka shimfiɗa tabarma, aka jera kular dambu da gorar zoɓo. Hajiya ta zauna a tsakiya, ta naɗe ƙafafu, silifas a ƙafa, kamar alƙali ranar yanke hukunci. Na zagaya dama, ta juya hagu. Na durƙusa, da ƙyar na tashi. Na ba da labarin ban dariya har biyu, suruki ne kaɗai ya yi dariya, shi ma don ladabi.

"Hajiya, ɗan murmushi dai, ko na sadaka."

"Malam, ana kallonmu," ta ce, tana nuna surukin da ido.

Daga baya suruki da matarsa suka kwashi yaran suka tafi kallon kwalekwale, suka sha kwana bayan wani tudun yashi. Na ce to yanzu fa? Ta ce ai za su dawo. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Na ce shi ke nan, tunda mutane ba sa so, zan ɗauki kogi, shi ba ya rufe fuska. Na juya mata baya, na taka gaba kaɗan, na ɗaga waya sama kamar yadda na ga 'yan jarida suna yi.

Tabarauna yana cikin mota. Rana kuma ta haske gilashin wayar, ba na ganin komai sai inuwar fuskata, na ce ai haka gilashi yake yi, ko na shago ne. Na yi ta dannawa. Na ɗauki balbela, na ɗauki ruwa, na ɗauki sawun tsuntsu a kan yashi, har ina karkata kai ina tsuke ido ɗaya don a san ba wasa nake ba. A bayana na ji wani ɗan motsi, sur-sur kamar ana tankaɗe, sannan wani ɗan facal na ruwa. Ban waiwaya ba. Fushi nake, kuma fushin dattijo ba a katse shi a tsakiya.

Da muka koma gida bayan la'asar, na tara kowa a tsakar gida don baje kolin aikina. Na miƙa wa auta wayar na harɗe hannu. Ta buɗe na farko, ta dube ni, ta buɗe na biyu, sai ta dafe ciki.

"Baba, ina kogin? Wannan ai hancinka ne!"

"Duba gaba, yarinya."

"Gaba ma hanci ne. Ga kunne. Ga hula. Baba, kyamarar ka juya, kanka ka yi ta ɗauka!"

Yara suka faɗi ƙasa suna birgima. Na buɗe baki zan yi bayanin cewa a ƙasashen da suka ci gaba haka ake yi, sai na ga auta ta ƙura wa wayar ido. Ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton, ta matso da shi kusa da idona.

A bayan kunnena, can ƙasa, ga Hajiya. Ta bar tabarma. Silifas ɗinta na gefe, ɗaya a kife. Mayafi ya zame zuwa kafaɗa. Ta durƙusa ta ɗebo yashi da hannu biyu, ta ɗaga sama tana sakinsa, rana ta ratsa shi kamar zaren zinariya. A na gaba ta tsoma ƙafa a wani ɗan ruwa da ya kwanta cikin yashi ta ɗage zani kaɗan. A na bayansa kuwa ta ɗaga kai sama, ido a lumshe, baki buɗe, ga wushiryar nan a fili. Ba matar da ta tashi daga jinya ba ce, yarinyar ƙauyen nan ce da ban taɓa haɗuwa da ita ba, don ni da na same ta an riga an koya mata zama.

Surukina ya leƙo, ya ga abin da ke ciki, ya miƙe zumbur. "Bari in duba tayar mota," in ji shi. Allah ya yi masa albarka, tayar nan lafiyarta ƙalau.

Hajiya ta ce, "A goge."

Na ce, "Sai dai a goge ni."

Ta karɓi wayar. Na zaci jifa za ta yi da ita. Sai ta riƙe ta nesa da ido, ta daɗe, har kaji suka fara shiga akurki. Sannan ta ce, "Ashe haka nake?"

Na ce, "Haka kike."

"To, a cire wannan ƙaton kunnen."

Auta ta ce ana iya yankewa, ni na ce ban yarda ba, kunnen nan shi ne shaidar wanda ya yi aikin. Aka wanko hoton da kunne da komai. Yana rataye a bayan ƙyauren ɗakinta, inda ba baƙon da zai gani, kuma na sha kama ta tana goge shi da bakin zani.

Abin da ranar ta koya mini, ni da na yi zaton na gama karatun duniya, shi ne: akwai abin da mutum ba zai taɓa ba ka ba muddin kana tsaye a kansa kana cewa ya ba ka. Ka matsa, ka ba shi fili, ka bar shi da yashinsa. Tun daga ranar, in na ji Hajiya tana 'yar waƙa a madafa, ba na leƙawa. Nakan tsaya a zaure da takalmina a hannu, har sai ta kai ƙarshe.