Gaisuwar Ingila a Rumfar Mahauta

Ga shi nan a kasuwar Jega, dogo siriri, da kwat da igiyar Turawa a wuya cikin wanga zafi. Ban san sunansa ba. An ce sabon malamin Turanci ne na sakandare, mai koya wa ɗalibai gaisuwar Ingila: a tsaye, ido cikin ido, a miƙa wa babba hannu.

Yana cikin taya nama, sai maƙwabcina Sahabi mahauci ya ajiye wuƙa, ya damƙi igiyar nan.

"Kai ka hana ɗana durƙusa mini? Jiya Ɗayyabu ya tsaya ƙiƙam shina miƙo min hannu kamar sa'ana!"

Mari ɗaya, tabarau ɗin malam ya faɗa cikin kayan ciki. Na biyu ya fasa leɓe. Jini na ɗiga kan farar riga, Sahabi na ƙara shaƙewa, malam na kakari.

Ina jin malam ɗin ma gidansu akwai tarbiyya, don da aka ɓamɓare su bai nemi ɗan sanda ba. Ya durƙusa har ƙasa, kai sunkuye, ya ce, "Baba, a yi haƙuri."

Na ce, "Malam, wagga gaisuwa ta wace unguwa ce a Ingila?"