Ranar da Aka Taka Rawa da Kukan Khala

A Jidda duk wanda ya fito daga tsibiran gabas Bajawe ne a bakinmu, kamar yadda mu ma duk Takaruni ne a bakin Larabawa. Maƙwabciyarmu a unguwar Bani Malik ta gaji da yi mana gyara. Takan ce ita 'yar ƙabilar Batak ce daga Sumatra, mu ce to, gobe mu maimaita. Ni dai Khala nake ce mata, wato inna, kuma da Larabci muke hira, nata a karye, nawa na haifaffiyar gari. Ita kaɗai take zaune, sana'arta dafa wa mutane shinkafar biki.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar takan hau saman soro ta fuskanci teku ta yi wata waƙa da yarensu. Waƙar ba ta da kiɗa, ba ta da inda za a yi mata tafi. Murya ce take hawa a hankali, ta karye, ta ja numfashi, ta sake hawa. Wata rana ina taya ta tsince shinkafa ta faɗa mini ko mene ne. Ta zo aikin hajji a jirgin ruwa da mijinta da 'yarta budurwa, zazzaɓi ya kama yarinyar ta rasu kafin su iso, ma'aikatan jirgi suka yi mata sutura suka saka ta cikin ruwa. A garinsu in mutum ya mutu, uwarsa takan zauna a kan gawar ta rera masa labarin rayuwarsa tana kuka, tun daga ranar da ta haife shi. Ita ba a ba ta wannan damar ba. Mijin ma ya rasu daga baya, ta ƙi komawa gida, ta ce ba za ta bi ta kan 'yarta a jirgi ba. Ba ta da kabarin da za ta ziyarta, waƙar nan kawai take da ita. Ta roƙe ni in bar maganar a cikina, na bari.

Yayana kuwa a sito yake aiki a tashar jiragen ruwa, in ya tashi sai ya rungumi udunsa, wato molon Larabawa. Mutum ne mai kunnen tsiya, in ya ji sauti sau ɗaya ya shige shi ke nan. Na Yamanawa ya ɗauka, na Indiyawa ya ɗauka, na 'yan Sudan ya ɗauka, kuma haka duk makaɗan Jidda suke yi, abin da alhazai suka shigo da shi na kowa ne, ba mai neman izini. A farkon shekarun saba'in, da kaset ya shigo gari, shi da abokansa suka samu wani ɗaki a bayan shagon mai sayar da rikoda, suka lulluɓe bango da darduma don ɗaukar waƙa. Ya yi ta yi mana ɗagawa cewa akwai abin da yake dafawa, mu jira. Ni na ɗauka surutunsa ne na kullum.

Aka yi masa haihuwar fari, mace. Ranar suna mata suka cika tsakar gida, Khala tana kan tukwane tun safe. Bayan la'asar sai ga Yaya a bakin labule, ya miƙo rikoda, bakinsa har kunne.

"Yalla, ku kunna wa Khala," in ji shi. "Kyautarta ce."

Udu ya fara, ganga ta shigo, sai goge irin na Masar. Muryar Yaya ta biyo baya da Larabcin Hijaz, wasu kalmomin soyayya da ya ɗora. Kafin ya kai ƙarshen baitin farko na gane ta. Waƙar Khala ce, ya datse mata jan nan, ya zuba ta cikin kiɗa mai sauri. Wurin da muryarta take karyewa ya mayar da shi amshi. Wurin da take jan numfashi don kuka ya ci ƙarfinta, nan ya sa abokansa su yi tafi.

Kuma abin takaicin, ta yi daɗi. Wata ta rangaɗa guɗa, mata suka ɗaure gyale a ƙugu suka shiga fili, mai jego tana jijjiga jaririya tana dariya. Rikodar tana kusa da ni, hannu kawai zan miƙa, amma na kasa. Na tsaya baki buɗe ina kallon Khala. Ludayi na hannunta, ba ta motsa ba har waƙar ta ƙare. Sai ta ajiye shi, ta rufe tukunya, ta ja mayafinta ta fita.

Ban san lokacin da na isa zaure ba. A gaban abokansa na wanke Yaya tas, ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, na faɗa masa kukan mutuwar 'yar Khala ne ya sa mata suka taka. Na ga fuskarsa ta sauya, ya dafa bango.

"Wa yake yi wa gawa waƙa?" ya tambaye ni. "Na ɗauka ta lallashin yaro ce."

Duk da fushina, na san gaskiyarsa ce. Mu a wurinmu mutuwa sai salati da hawaye da addu'a, waƙa ta niƙa ce da biki da rarrashin goyo. Bai taɓa kawo wa ransa akwai mutanen da suke kuka da ita ba. Ya bar baƙinsa a zaune ya ruga shagon mai rikoda, amma mai shago ya riga ya buga kaset ɗin da yawa ya sayar. Washegari ya je ƙofar Khala ya durƙusa yana ba ta haƙuri. Daga ciki ta ce masa halas, ta yafe, Allah ya raya yarinya.

Yafiyarta ba ta tsayar da komai ba. Cikin ɗan lokaci waƙar ta cika gari, a tasi, a wurin masu shayi, a gidajen biki har unguwar Waziriyya. Ita kuma sana'arta gidan biki, dole ta tsaya kan tukunya ana rawa da ita a bayanta.

Wata rana na kai mata lemo na same ta zaune a ɗaki, ta rame. Na ce mata Yaya ya jingine udunsa, ko taɓa shi ba ya yi. Ta ce ya ɗauka, ba shi da laifi. Muna cikin haka wata mota ta wuce a layi da waƙar.

"'Yata," ta ce, "na nemi waƙata na rasa. In na buɗe baki zan yi wa marigayiyata, sai gangarsa ta riga ni. Jiya ina cikin yi mata, na duba ƙasa, na ga ƙafata tana kaɗawa, tana bin kiɗansa."