Ɗan Wajenmu Ne

A cikin bas na ji. Da safe ne, na kwaso ɗalibai daga tashar Metro zan kai su cikin jami'a, aikin da na daɗe ina yi a Doha. 'Yan mata biyu suna zaune a kujerar da ke bayana. Ɗaya ta duba wayarta, ta rufe baki da hannu, ta miƙa wa ɗayar. Sai na ji ta ambaci sunan mahaifina, yadda suke karkata shi a wurin. Mutum ɗaya ne ya taɓa amsa wannan suna a jami'ar. Turancina ba shi da yawa, amma kalmar mutuwa ba ta da wuyar ganewa.

Ba a tsayawa a wannan titi. Na ci gaba da tuƙi har ƙofar makaranta, na buɗe musu. Kowa ya sauka yana yi mini godiya kamar kullum. Wadda ta karanta saƙon ta tsaya a matakala, idonta ya yi ja. Ta nuna hotonsa da ke manne a jikin bas ɗin, ta ce ai na san shi, ɗan ƙasarmu ne. Na ce na san shi.

Ɗana ne na fari.

A gidanmu ba a ɗaukar ɗan fari a gaban mutane, ba a kiran sunansa. Shi kuma aka sa masa sunan mahaifina, kunyar ta zama biyu. Da aka yaye shi, yayana ya ɗauke shi riƙo. Mahaifiyarsa ta rasu yana firamare. Yayana yake kira Baba, ni kuma Baffa, ko da yake ya san wanda ya haife shi. Idan ina son sa, sai in ce, "Kai, zo nan." Haka aka yi da ni, haka na yi da shi, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Jami'ar da nake tuƙa wa bas reshe ce ta wata babbar jami'a da ke ƙasar Turawa, wadda aka ce duniya ta san ta da bincike. Wanda ya yi fice a reshen sai a tura shi can uwar jami'ar. Yaron yana da ƙwaƙwalwa tun yana ƙarami. Ni na aika wa yayana cewa ya sa shi ya gwada. Ya gwada, suka ɗauke shi, suka ɗauke masa nauyin karatu da wurin kwana.

A makonsa na farko ya gan ni a bakin bas, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baffa, ina kwana." Wata Baturiya da ke kula da ɗalibai baƙi tana tsaye kusa. Abin ya burge ta. Ta matso tana murmushi, ta tambaya ko mahaifinsa ne. Yaron ya dube ni. Na kawar da kai na ce da Hausa, "Ɗan wajenmu ne."

Duk Bahaushen da ya ji wannan daga bakin dattijo mai sunkuyar da kai ya san abin da aka faɗa. Yaron ya juya ya fassara mata. Da ɗan Turancina na ji ya ce ƙasarmu ɗaya. Ta ce abin ya yi kyau, ya sami ɗan gida. Ɗaliban da suka ji ya ce Baffa suka ɗauka sunana ke nan. Daga ranar kowa Baffa yake ce mini, har farfesoshi. Shi kuma bai sake durƙusawa a bakin bas ba.

Mutum ɗaya ne ya san gaskiya, mai gadin babbar ƙofa, mutumin Zango ne daga Kumasi, ya ɗan girme ni. Ɗaki ɗaya muka taɓa zama a unguwar Al Muntazah. Da na ba shi labari sai ya riƙe baki.

"Ku 'yan Najeriya, Allah ya shirye ku," ya ce. "Da ni na haifi wannan yaro, da har raƙuman kasuwar Souq Waqif sun ji. An tambaye ka ɗanka, kana yi wa Baturiya kunya? Surukarka ce?"

Na ce masa a Zango ba a san ta ido ba, shi ya sa. Ya ce to in ci kunyar da miya.

Yawancin abokan karatunsa 'ya'yan masu hali ne. Wasu direba ke kawo su har ƙofar aji. Shi a bas ɗina yake zuwa, ya wuce can baya ya zauna. Idan zai sauka tare da su, ya yi mini godiya irin tasu, da Turanci. Ban ga laifinsa ba a lokacin. A madubi nake kallonsa.

Da jami'ar ta ga yana cin jarrabawa, kuma baƙin fata ba su da yawa a cikinsu, sai suka ɗauke shi hoto da farar riga ta ɗakin gwaji, yana riƙe da wata kwalba. Suka manna a bango, suka buga a littattafansu, suka manna babba a jikin bas ɗina, gefen ƙofa. Duk lokacin da manyan baƙi suka zo, shi ake kira ya tsaya ya yi musu bayani. Mai gadi ya ce da ni, "Ga shi ka goya shi a ƙarshe, ko ba ka so."

Da ya gama, suka zaɓe shi ya tafi uwar jami'ar ya yi karatun dakta. Ana gobe zai tashi na kai shi wani gidan abinci a Al Muntazah bayan la'asar, muka ci shinkafa da kaza. Abin da ke raina shi ne ciwonsa. Yana da sikila, kuma sanyi ke tayar masa da ita. A Doha ma sanyin iyakwandishan na aji kan kwantar da shi.

Na ce, "Kai, ka gaya musu kana da ciwon nan?"

Ya ce, "Likitansu ya sani. Farfesan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa bai sani ba, kuma ba zai sani ba."

"Don me?"

"Baffa, layi ne a bayana. Daga Indiya, daga Sin, daga ko'ina. Duk lafiyarsu lau."

Na ce Allah ya kiyaye. Ya sha shayinsa, ya daɗe yana juya kofin. Sai ya ce, "Ranar nan da Baturiyar ta tambaya, da ka ce ɗanka ne, haka zan fassara."

Na ce, "Kai ma ka san abin da na ce."

"Na sani mana. Ita ce ba ta sani ba." Ya yi dariya. "Ka buɗe mini ƙofa, na bi. Ba ka ga ya fi mana sauƙi ba, ni da kai?"

Na biya, muka fito. Na raka shi har tashar Mushairib ya canza jirgin ƙasa. Ya ba ni hannu kamar sa'ansa.

Da farko duk Juma'a yana kira na. Daga baya ya koma idan ya samu sarari. Kusan kullum daga ɗakin gwaji yake magana, ƙasa-ƙasa. Ya ce kayan aikin da ke wurin bai taɓa ganin irinsu ba, inji ɗaya ya fi ƙarfin jami'o'inmu na gida gaba ɗaya. Ya ce mutanen da yake karanta sunansu a littafi ga su nan yana haɗuwa da su a layin abinci. Wannan yana faɗa da murna. Sai kuma ya ce idan hutu ya zo 'yan ƙasar su watse gidajensu, su baƙi su zauna su kula da gwaji. Ba ya iya zuwa gida, don in ya fita ba shi da tabbacin za a sake ba shi biza. Zamansa a ƙasar yana hannun farfesan. In ya ce aikinsa bai gamshe shi ba, tallafi ya tsaya, takardar zama ta mutu.

"Baffa, ashe nan ma kafil ne, kamar ubangidan da ke riƙe da takardunku a Doha," ya ce. "Sai dai nasu yana murmushi, kuma ya ce ka kira shi da sunansa."

Kiransa na ƙarshe muryarsa a shaƙe take. Na tambaya ko ciwon ne ya kama masa ƙafa. Ya ce kaɗan ne, akwai aikin da farfesa zai kai wani taro, in ya gama zai je asibiti. Na ce ya sha ruwa da yawa, ya rufe jikinsa. Ya ce to, Baffa.

Ranar da na ji labarin a bas, sai da na ajiye motar a inuwa sannan na kira yayana. Ya ɗauka bai yi sallama ba.

"Sai yau?" ya ce.

Na ce, "Yaya, yanzu nake ji."

"Yanzu kake ji. Kai da kake cikinsu? Mutane sun zo daga Zariya, daga Jos, sun yi mini gaisuwa sun koma. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya bai kira ni ba. Na ce ko don ɗana ne ya mutu, ba naka ba."

Ashe kwanaki ke nan. A ɗakinsa aka same shi, bayan an ga bai zo ɗakin gwaji ba. Jami'ar ta kira yayana, wanda suka sani a matsayin uba. Wani limami na can ya yi wa yayana bayani a waya da Larabci, wani ya fassara, yayana ya ce kada a ajiye gawar Musulmi, su yi masa sutura. Suka yi. Yayana ya ɗauka ni na fara ji, tunda a wurinsu nake aiki, yana jira in kira shi in yi masa ta'aziyya yadda ya kamata. Jami'ar kuwa ba ta ga dalilin neman direban bas ba.

Na ce, "Yaya, Allah ya ba ka haƙuri. Allah ya jiƙansa."

Ya ce, "Amin. Na yafe maka."

Reshen Doha ya shirya taron tunawa da shi. Shugaban direbobi ya ce ranar ba hutu, za a yi ta jigilar mutane, yalla, wato mu hanzarta. Na yi ta kai su ina dawowa. Ƙofar zauren gilashi ce, daga inda nake ajiye bas ina hango babban allo. Na ga farfesan nan a kai, daga can ƙasarsu yake magana, da furfura da kyakkyawar fuska. Wata ɗaliba ta gaya mini daga baya cewa ya ce yaron bai taɓa cewa ya gaji ba, ko sau ɗaya, kuma za a ci gaba da aikin da ya fara. Ta ce kowa ya yi kuka a nan wurin. Da aka tashi aka aiko wa direbobi da masu gadi ragowar kek.

A makon nan aka ce in kai bas gareji a cire hoton. Mai aikin ya dumama shi da wata na'ura, ya ɗaga daga gefen kafaɗa ya ja, fuskar ta taho a murɗe. Ya dunƙule ya jefa a kwandon shara. Ya ce an aiko da sabon hoto, wani baƙin yaro ne shi ma, daga wata ƙasa, gobe zai manna.

Mai gadi ne ya kama hannuna ya kai ni ofishin Baturiyar. Bai yi mini tsiya ba ranar. A hanya dai ya ce, "In ka sake cewa ɗan wajenku ne, wallahi nan zan bar ka." Ya fi ni Turanci, shi ya yi bayani. Ni na tsaya da hulata a hannu.

Matar ta fara hawaye. Ta ce, "Baffa, me ya sa ba ka faɗa ba? Ai na tambaye ka."

Na ce wa mai gadi ya gaya mata na faɗa. Ya dube ni, ya gaya mata wani abu mai tsawo, ban san yadda ya juya shi ba.

Na roƙi abu ɗaya, su taimaka mini in je in ga kabarin. Ta ce biza ba a hannunsu take ba, kuma a wurin uwar jami'a uba ɗaya aka sani, an riga an gama da shi, har kayan yaron an aika masa. Za ta tambaya, amma kada in sa rai.

Sai fuskarta ta ɗan saki, kamar ta tuna abin da za ta iya yi mini. Ta ce a bikin yaye ɗalibai mai zuwa za a kira sunansa, kowa ya miƙe tsaye. Ta ce ta san duk shekarun nan ba daidai suke faɗarsa ba, yaron ne bai taɓa gyara musu ba. Tana so a wannan karo a faɗe shi yadda yake. Ta ɗauko wayarta, ta danna wurin ɗaukar murya, ta kawo ta kusa da bakina.

Sunan mahaifina ne, kuma na ɗana na fari. Tun da na yi wayo bai taɓa fita daga bakina ba. Na dubi wayar, wani ɗan jan layi yana tafiya a kanta yana jira. Mai gadi ya ce bari shi ya faɗa, ya iya. Ta ce a'a, na uban take so a saka a zauren, mutane su ji.

Na buɗe baki. Abin da ya zo shi ne "kai", yadda na saba kiransa. Na rufe.

Ta jira har wayar ta mutu da kanta. Ta ce ba komai, in dawo duk ranar da na shirya, amma kafin bikin.

Bikin ya kusa. Kullum ina wucewa ta gaban ofishinta da sabon hoton a jikin bas. Ban koma ba tukuna.