Ranar da Aka Taka Rawa da Kiran Inna

Akwai wata ranar biki a Tessaoua da ba za ta fita daga raina ba muddin ina numfashi. Kwanan baya na karanta labarin wata mawaƙiya 'yar ƙabilar Tamil, wadda yaƙi ya raba da ƙasarsu tun tana yarinya, ta girma a ƙasar wasu har duniya ta san muryarta. Ina gama karatun sai ranar nan ta dawo mini sabuwa.

Ina koleji, wato ƙaramar sakandare, lokacin da wata mata da ɗiyarta suka iso garinmu Tchaké a kan amalanke, daga tsallaken iyaka, bayan 'yan bindiga sun ƙone garinsu. Babana ya ba su ɗaki a gidanmu. Matar muka riƙa ce mata Inna, ɗiyar kuwa sa'ata ce, ta zama ƙawata. Su uku suka fito gudu, amma na ukun, ɗan autan Inna, wanda bai daɗe da sauka daga goyo ba, ya ɓace cikin turmutsutsu.

Inna ba ta yarda ya mutu ba. Akwai wata waƙar reno da ta ƙaga masa da kanta, wadda ba wanda ya sani sai 'yan ɗakinsu. Duk ranar kasuwa, a Mayahi ko garin Sarkin Hausa ko inda ƙafa ta kai, sai ta ɗauki tallan ƙuli-ƙuli ta bi rumfa-rumfa tana rera ta a hankali, tana duban yara. Takan ce, “Ko ya mance fuskata, in ya ji wannan sai ya waiwayo.”

Ƙawata murya gare ta mai sanyi kamar ruwan randa. In muna daka tana waƙa, sai in tsaya da taɓarya a hannu ina saurare, ta tsokane ni da zuwa makarantar boko ta ce, “'Yar lakwal, daka muke ko mafarki?” Da muka girma ta koma Maradi, ta fara amshi a wani situdiyo na ɗaukar waƙoƙi. Can ta ɗauki waƙar Inna, aka sa mata fiyano da ganga. Ta ce mini a waya, “Ƙafar Inna kasuwa nawa za ta ci? Wannan kuwa har Zamfara sai ta shiga.” Ba ta gaya wa Inna ba, wai sai an dace. Waƙar ta karɓu, kowane ɗan kabu-kabu yana da ita a salularsa.

Ran bikin 'yar kawuna, Inna ta bi mu Tessaoua don ta taya girki. Bayan la'asar mai kiɗa ya kunna waƙar, 'yan mata suka cika fili, yara na tsalle suna bin baitin da ka. Sai na hango Inna ta fito daga madafa, muciya a hannu, ta tsaya a gefe.

Na ruga wurinta da murna. “Inna, muryar ɗiyarki ce. Yanzu ko'ina ana jin ta.”

Ba ta dube ni ba, yaran take kallo, 'yan maza sa'annin ɗanta. Can ta ce, “Na ji, ɗiyata. Dube su, kowane ya iya ta. In na rera a kasuwa, duk sai su waiwayo. Da me zan gane nawa?”

Ta koma ta ƙarasa tuƙin tuwonta. Daga ranar ba ta sake ɗaukar talla ba. Da muka dawo gida ta roƙi babana ya tara malamai a yi wa yaron sadakar mamaci. Ƙawata ta zo ta durƙusa tana kuka. Inna ta dafa kanta ta ce, “Na san ba don mugunta kika yi ba.”

Yau ƙawata sananniya ce, daga Yamai har Damagaram, kuma duk inda ta hau dandali sai an ce ta yi waccan waƙar. Takan rufe ido in tana rera ta, mutane na cewa yanga ce.

Ranar ta koya mini cewa ƙauna ma tana ɓarna in ba ta yi tambaya ba. Tun daga nan, in na ga mutum ya rungume ɗan abin da ya rage masa, ba na taɓa shi don in taimaka sai na tambayi mai shi.