Tayil Ɗin da Kawu Bai Ji Ba

Kawu, ƙanen Inna, ya shekara talatin yana shimfiɗa tayil a gidajen mutane, kuma abin alfaharinsa kunnensa ne. Da ƙotar guduma yake ƙwanƙwasa ƙasa. Tayil mai lafiya ya ce ƙwal, wanda siminti ya saki ya yi ƙara kamar an bugi fanko. Mutum ne mai tsiya, ko gaisuwa ya je gidanka sai ya taka falonka ya gaya maka magininka ya cuce ka.

Shi na kira da tayil ɗin banɗakinmu ya kumbura, Inna ta yi tuntuɓe ta karye a ƙugu. Saura kwana biyu a sallamo ta daga asibiti, likita kuma ya ja mini kunne cewa faɗuwa ta biyu ba za ta yi kyau ba.

Ya zo ya durƙusa yana bi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya saki ya ja masa alli. Ina tsaye a bakin ƙofa ya bugi na gaban masai, daidai inda Inna za ta kafa sandarta. Na ji fanko ɓaro-ɓaro. Kawu ya wuce, bai ja alli ba.

Sai a lokacin na tuna yadda kwanan nan yake karkato kai in ana magana, ga rediyonsa da ke cika unguwa. In na yi shiru, Inna ce za ta taka wurin. In na yi magana, na gaya wa mutumin da ya goya ni cewa sana'arsa ta ƙare. Har ya fara kwaɓa siminti, sannan na ce:

"Kawu, na gaban masai ɗin nan, a sake bugawa."

Ya harare ni, ya tambaya ko yau zan koya masa aiki. Amma ya koma ya buga. Ya sake bugawa, kunne kusa da ƙasa. Ya ɗago ya dubi fuskata, a can yake neman amsar. Daga nan ya cusa bakin ƙarfe a gefe, tayil ya taso ɗungurungum ba gardama, ƙarƙashinsa jagab da ruwa.

Ya daɗe riƙe da shi. Na zaci faɗa zai yi, wallahi da faɗan ya fi mini sauƙi.

"Gida huɗu na gyara a watan nan," ya ce a hankali. "Ɗaya akwai mai tsohon ciki."

Ya rufe simintin da buhu, ya miƙo mini gudumar.

"Sa takalminki, 'yar nan, mu koma gidajen nan huɗu. Ni zan yi sallama, ke ki saurara."