Kiran da Bai Makara Ba: Rayuwar Nyakio Mai Datsun

Haihuwa da Asali

An haifi Esta Nyakio ranar 9 ga Fabrairun shekarar 1958 a garin Njoro, kusa da Nakuru, a ƙasar Kenya. Mahaifinta, Kamunge wa Thuo, bakaniken tarakta ne a gonakin alkama, mahaifiyarta Wacera kuwa tana sayar da dankali a kasuwar garin. Mai wannan rubutu ya riƙe muƙamin magatakardan Ƙungiyar Masu Sha'awar Tseren Mota ta Tudun Mau har shekara ashirin da shida, kuma abin da ya sa ya ɗauki alƙalami shi ne wani layi guda da ya rubuta da hannunsa a kundin ƙungiyar, wanda ya ɓata sunan 'yar wannan baiwar Allah tsawon shekara goma sha biyu, alhali babu ƙamshin gaskiya a cikinsa.

Karatu da Aiki

Ta shiga firamare a Njoro a shekarar 1965, ta wuce sakandaren 'yan mata a Nakuru, ta kammala a 1975 da sakamako mai kyau a lissafi da kuma shaidar taurin kai daga kusan dukkan malamanta. A shekarar 1977 ƙungiyar masu shanun madara ta yankin ta ɗauke ta akawu. Ba ta cika shekara a kan tebur ba direban ƙungiyar ya ajiye aiki ana tsakiyar damina, ita kuwa, da yake ta koyi tuƙi a kan taraktocin da mahaifinta ke gyarawa, sai ta karɓi makullin akori-kurar a matsayin wucin gadi. Wucin gadin nan ya kai shekara ashirin da ɗaya, tana ratsa baƙin laka da gangaren Mau kowace safiya, kuma ba a taɓa jin madara ta lalace a hannunta ba.

Aure da Zuri'a

A watan Disamban 1981 aka ɗaura aurenta a coci da Ndirangu wa Gichuki, likitan dabbobi, mutum mai sanyin hali wanda ya fi sakewa da shanu fiye da mutane. Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu: Gichuki a 1982, Wangechi a 1984, Wacera a 1987, sai Kamunge a 1991. Wacera ce 'ya mace ta biyu, saboda haka bisa al'adarsu ita ta ci sunan mahaifiyar Nyakio, kuma tun tana zanen goyo Nyakio ba ta kiran ta da komai sai Uwata.

Shiga Tsere

A shekarar 1998 Ndirangu ya sayi wata tsohuwar Datsun ya shiga tseren 'yan sha'awa da ƙungiyarmu ta shirya a wata gonar alkama da aka girbe. A zagaye na biyu ya zuba motar cikin kwalbati, ya zauna a ciki yana jiran ikon Allah. Nyakio, wadda ta zo kallo da kwandon abinci, ta tattare zanenta ta ratsa filin a gaban jama'a.

"Baban Gichuki, sauko ka riƙe mini jakata," in ji ta. "Motar nan ba saniya ba ce da za ka tsaya kana lallashin ta."

Ta fitar da motar da baya, ta ƙarasa zagayen a lokacin da ya fi na maza goma sha ɗaya daga cikin goma sha huɗu. Mu da ke riƙe da agogo muka duba shi sau uku, muka kuma nemi wani agogon, domin hankalinmu ya ƙi ɗauka. Ranar Lahadi matan kwamitin coci suka tare ta suka ce mace mai 'ya'ya huɗu, mai shekara arba'in, ba ta dace da hular kwano ba.

"Shekara ashirin ina gudu da madararku, babu wadda ta ce uffan," ta ce da su. "Sai yau da ba na ɗauke da kayan kowa ne gudun ya zama zunubi?"

Daga nan tsere ya zama sana'ar gida. Gichuki ya karɓi gyaran inji, Wangechi ta riƙe taya da mai da tukunyar mukimo, abincinsu na dakakken dankali da masara, Kamunge yana wanke mota. A tseren doguwar hanya mutum biyu ke zama a gaba: direba a dama, mai karatu a hagu. Ana gobe tsere su bi hanyar a hankali su rubuta kowace kwana da gada da rami, ranar tsere kuma mai karatu ya riƙa faɗa wa direba abin da ke gaba kafin a iso shi, wanda muke ce wa kira. Ndirangu ya gwada wannan kujera shekara biyar, yana jiri yana amai yana gardama da abin da shi kansa ya rubuta, har a 2004 aka sallame shi cikin mutunci aka ɗora Wacera, tana da shekara goma sha bakwai.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wacera ba ta taɓa ɗaga kai daga takarda ba komai girgizar mota, muryarta ɗaya ce a kan kwalta da bakin rami. Tsakanin 2005 da 2010 uwa da 'ya suka ɗauki kofin ƙungiya sau huɗu, kuma a dalilinsu gidaje bakwai suka sa 'ya'yansu mata a kujerar karatu.

Abin da Ta Ɓoye

Ranar 17 ga Maris, 2009, Nyakio ta je wani asibitin ido a Nakuru ita kaɗai. Likita ya shaida mata cewa hawan jinin ido ya cinye mata ganin gefe a ɓangaren hagu, cewa abin da ya tafi ba ya dawowa, ya kuma rubuta a katinta cewa kada ta sake tuƙi. Babu wanda ya san da wannan ziyara a lokacin. Gwajin da ƙungiyarmu ke yi kowace shekara na karanta haruffa ne a jikin bango, ita kuwa abin da ke gabanta sak tana ganin sa tar, don haka ta ci gwajin a 2010, ta sake ci a 2011, mai wannan rubutu ya buga mata hatimi yana yi mata barkwanci. Har yau in ya tuna cewa matar nan ta yi shekara biyu tana gudun kilomita ɗari da talatin ba ta ko ganin 'yarta da ke zaune a gefenta, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Hatsarin Mau Narok

Ranar Asabar 13 ga Agusta, 2011, a wata kwanar hagu da ke gangaren Mau Narok, Datsun ta daki kan wata gadar siminti da gefen mai karatu. Nyakio ta karye a ƙashin kafaɗa. Wacera ta yi kwana shida ba ta san inda take ba, aka yanke mata ƙafar hagu daga ƙasan gwiwa, da ta farfaɗo kuwa ba ta tuna komai daga safiyar ranar ba.

Al'adar ƙungiyarmu tun kafuwarta ita ce, idan aka yi hatsari, tambaya ɗaya ake yi wa direba, domin shi ne idonsa ke kan hanya: kira ya zo a kan lokaci ko bai zo ba? Shugaban ƙungiya da magatakarda suka je gadon asibiti suka yi wa Nyakio wannan tambaya. Ta juya fuskarta bango ta ce kiran ya zo mata a makare. Direba ce da ta yi shekara goma sha uku ba ta ko fasa fitila ba, saboda haka ba wanda ya ga dalilin bincike, aka rubuta a kundi cewa kuskuren mai karatu ne.

Wacera ta yarda da hukuncin, tunda ba ta da abin da za ta ƙaryata shi da shi. Ranar da aka fara tura ta a keken marasa lafiya ta ce a kai ta ɗakin mahaifiyarta, kuma mai wannan rubutu yana tsaye a wurin.

"Mama, na kusa kashe ki. Ki yafe mini."

"Na yafe miki, Uwata," in ji Nyakio. "Kada ki ƙara tada maganar."

Dukkanmu muka share hawaye muna yaba girman zuciyar uwa.

Shekarun Baya

Nyakio ba ta sake taɓa sitiyari ba, jama'a suka ce baƙin ciki ne, ƙungiya ta ba ta lambar girmamawa a 2012. Wani babban direba da ya nemi Wacera ta yi masa karatu a gasar ƙasa ya janye maganarsa ba tare da ko sallama ba. Biyar daga cikin gidaje bakwai ɗin nan suka sauke 'ya'yansu mata, iyayen na cewa dama an faɗa. Abin kunya mafi girma shi ne yadda sunanta ya zama abin zolaya a bakinmu: duk mai karatun da ya yi jinkirin kira sai a ce ya yi Wacera, kuma magatakarda ba zai yi ƙaryar cewa bai taɓa dariya ba.

Wacera ta koyi tafiya da ƙafar roba, ta zama malamar lissafi a wata sakandare a Njoro, ta zauna a gidan iyayenta. A 2015 Nyakio ta sanar da iyalinta cewa idonta ya fara rauni, aka ɗauka tsufa ne. Ndirangu ya rasu a 2018, kuma ko ya san wani abu ko bai sani ba, ya tafi da shi. Zuwa 2020 ganinta ya ƙare ƙaf, Wacera ce ke riƙe da hannunta zuwa coci tana faɗa mata mataki uku sai tudu, hagu kaɗan akwai dutse, tsohuwar na bin muryar ba musu. Shekara uku suna haka, da safe da yamma, bakin Nyakio bai buɗe ba.

Rasuwa da Jana'iza

Ta rasu ranar Talata 6 ga Yuni, 2023, a gidanta, bayan gajeriyar jinyar ciwon zuciya, tana da shekara sittin da biyar. Kwamitin jana'iza ya fara zama kowace la'asar kamar yadda aka saba, aka ɗora wa Wacera rubuta tarihin da za a karanta a bakin kabari. Tarihin mamaci ba ya cika sai da babin jinya, da ranar da kowace cuta ta fara da asibitin da aka je, saboda haka ta shiga tattara katunan asibiti. A cikin jakar hular kwanon mahaifiyarta, wadda ba a buɗe ba tun 2011, ta sami katin 17 ga Maris, 2009.

Ta kira 'yan'uwanta da magatakarda ta ajiye katin a kan tebur. Wangechi ta karanta ta zauna a ƙasa. Magatakarda ya ƙidaya shekarun da yatsa sau biyu kamar ɗan aji ɗaya, yana fatan ya yi kuskure. Gichuki ne ya fara samun bakin magana.

"Ki rubuta 2015 kawai. A bar kaza cikin gashinta, ta riga ta tafi."

"Yaya, kai ka ciro ni daga motar nan ranar hatsarin," in ji Wacera. "Ka ga ta wane gefe aka daka."

"Na gani. To yanzu so kike a binne Mama da abin kunya, gaban fasto, gaban surukai?"

"Ni da nawa abin kunyar na yi shekara goma sha biyu ina yawo, kuma ashe ba nawa ba ne," in ji Wacera. "Ba zan zage ta ba, ba zan ƙara ko kalma ɗaya ba. Abin da aka rubuta zan karanta, shi kaɗai na iya."

An yi jana'izar ranar Juma'a 16 ga Yuni a gonar iyali da ke Njoro, motocin tsere ashirin da biyu suka rako gawa. Wacera ta tsaya ta karanta haihuwa da karatu da aure da kofuna huɗu. Da ta zo babin jinya ta karanta ranar da shekarar da umarnin likita da muryar nan tata da ba ta hawa ba ta sauka, ta wuce zuwa layi na gaba. Dangi da 'yan coci ba su lura da komai ba. A ɓangaren da 'yan tsere ke tsaye kuwa, inda kowa ya san shekarar Mau Narok kamar ranar haihuwarsa, wasu suka cire hula, shugaban ƙungiya ya nemi kujera. Bayan addu'a Wacera ce ta fara zuba ƙasa, ta tsaya har aka gama rufe kabarin, tana kuka kamar kowace 'ya.

Washegari magatakarda ya buɗe kundi a gaban shaidu uku ya soke layin 13 ga Agusta, 2011, ya rubuta a ƙarƙashinsa cewa babu wata shaida da ta nuna kira ya makara, sannan ya ajiye muƙaminsa. Ya san gyaran ya zo a lokacin da ba zai mayar wa kowa da komai ba.

Marigayiya ta bar jikoki tara da 'ya'ya huɗu: Gichuki Ndirangu, mai garejin gyaran mota a Nakuru, Wangechi, ma'aikaciyar jinya a Eldoret, Kamunge, manomin alkama a Njoro, da Wacera Ndirangu, malamar lissafi, wadda ta yi wa mahaifiyarta karatun hanya a tsere sittin da ɗaya ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Allah ya yi wa Nyakio gafara, ya kuma yafe mana mu da muka yi dariya.