Jan Zare a Ƙafar Tsaki

Wata Lahadi ce, ranar kasuwar Filinge, a daminar da muka gama aji huɗu, kazar Kaka ta ƙyanƙyashe ƙwan zabi ashirin da aka sa mata. Ina durƙushe ina kallon tsakin suna tangaɗi a gindin rumbu, Hadiza ɗiyar gwaggona ta buɗe baki ta yi tambayar da ta ɓata mini damina. Ta ce, "Kaka, jiƙon ga da kika ɗura musu duk shekara, ƙaƙa anka yi kinka san shina magani?"

Jiƙon barkono ne da ɓawon madaci, kuma ni ce mai haɗa shi. A gidan Kaka muka tashi mu biyu, tabarma ɗaya, akushi ɗaya, amma ba a raba mana baiwa daidai ba. A lakwal Hadiza ce ta ɗaya kullum, mushe, malaminmu, har alli yake ba ta ta riƙe masa, ni kuwa ina can baya ina ƙirga kara a rufin aji. A dandali ma ta fi ni muryar gaɗa. Abu guda na mallaka, shi ne wurin Kaka. Ni take aike ɓaro madaci, ni ke kifa tukunyar kara da kashin shanu a bakin suri in kwaso wa tsaki gara da sassafe. "Rabi ta hannun damana," haka take kirana, kuma da wannan sunan nake cika ciki.

Na zaci Kaka za ta kai wa Hadiza dundu, sai ta yi dariya ta ce ta gwada ta gani. Hadiza ta warware jan zare daga bakin tsohon zane, ta ɗaura wa tsaki goma a ƙafa. Masu zare a ba su jiƙo, sauran a ba su ruwan rijiya zalla, abinci da makwanci duk ɗaya. Kafin mako ya zagayo masu zare biyu sun mutu. In jiƙo ya faɗi, na faɗi tare da shi, Hadiza ta haɗa lakwal da Kaka ta cinye.

Ita ke kai wa masu noma fura gona da hantsi, ni ina gida ina surfe. To, duk ranar da na tsinci mushen tsako mai zare, sai in kwance zaren in ɗaura wa mai rai daga cikin masu shan ruwa zalla. Sau huɗu na yi haka. Da aka yi ƙirga a ƙarshe, jiƙo ya ci. Kaka ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya hango shi." Hadiza ta daɗe tana duban ƙafafun tsakin, sannan ta ce ta yarda. Da wata daminar ta zo, ta ɗura wa nata tsakin jiƙo da hannunta, suka yi ta zubewa ina gani.

Yau Hadiza babbar likita ce a Yamai, mai binciken magunguna. An ce a asibitinsu ba a ƙara yi wa majinyaci abu don kawai haka aka tarar ana yi, sai an gwada an ga shaida, kuma ita ta kafe a kan hakan har manyanta suka bi. Duk sanda na ji muryarta a rediyo, kishi yakan kama ni, ba zan ɓoye ba.

Bara na kai ɗana asibitin da ciwon huhu. Ta shigo zagayen safe da ɗalibanta, ta duba shi, ta tsaya tana yi musu bayanin yadda take gwajin magani: ba majinyaci, ba mai jinya, ba ita kanta da ke sanin wa aka ba wane, sai an gama. Wani ya tambayi dalili. Ta juyo ta dube ni da murmushi ta ce, "Ga malamata nan. Ita ta koya min in mutum shina son abu ya ci, hannunai na iya rigan idonai."

Ashe ta gane, ban san ko tun yaushe ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa Kaka ba. Tsohuwa ta koma ga Allah tana kirana ta hannun dama. Ɗana ya warke, na dawo Filinge ga zabina, waɗanda na daɗe ina ba su ruwa zalla ba tare da na gaya wa kowa ba. Wani lokaci ina watsa musu tsaba sai in yi marmarin gindin rumbun nan, lokacin da nake da abu ɗaya da na fi ta. Yanzu na san shi ma ita ta bar mini.